Jinin Kofur a Kwalbar Honarabul

Ku yaran da ake turo mana daga makarantar koyon aikin lafiya, masu farar riga da guga da biro jere a aljihu, ina jin abin da kuke faɗi in kun zaci na fita alwala. Wai aikin leb ba aiki ba ne, ɗiga jini ne, a jira layi ya fito, a rubuta. To ni Lawal, da na tsaya aji uku na sakandare kuma ban taɓa ɓoye ma kowa ba, na zauna na rubuta maku wannan don bakina ya gaji. In kun ga kuskuren rubutu ku gyara, abin da aka koya maku ke nan. Sauran kuwa ku karanta ku yi shiru.

Aikina na farko wanke kwalba. Kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Bishir, mai ɗakin gwaji a Ƙofar Sauri, shago guda da aka raba da labule. Malam Bishir ya yi karatu na gaske, kuma ya iya aiki. Abin da bai iya ba shi ne ce ma mai babbar riga a'a. Ya miƙo mani bokiti da buroshi da ruwan bilic, ya ce, "In ka iya wanke abin da mutane suka kawo ba ka yamutsa fuska ba, sai mu yi maganar jini." Na daɗe ina hulɗa da bayan-gidan Katsinawa kafin a bar ni in taɓa jijiyarsu. A gidan ashana suke kawowa, wasu a gwangwanin madara. Wani tsoho an ce ya kawo ɗan kaɗan, ya zo da kwanon sha cike har da murfi, ya ce shi ba a san shi da rowa ba.

Ranar da aka fara ba ni allura, hannun Malam Bishir na soka, don ya ce ba zai ba ni hannun mai biya in yi koyo ba. Na huda shi, na sake hudawa, jijiya tana gudu ina binta. Da na samu, sai ya miƙo ɗaya hannun. Jijiya da yatsa ake ganinta. Ta mai ƙiba tana can ƙasa, ta tsoho tana murɗewa kamar igiya, ta jariri kuwa sai uwar ta daina kallonka kafin ta fito.

Kayan aikinmu na lokacin, ku da kuka saba da na'ura mai maɓalli ba za ku gane su ba. Injin tace jini da hannu ake juya shi, kafaɗa ta yi tsami kafin ruwan jinin ya rabu ya hau bisa. Madubin duba ƙwayoyi da hasken rana yake aiki, in hadari ya haɗu sai mai zazzaɓi ya jira. Firji na kananzir ne, ni ke lallaɓa lagwaninshi safe da yamma. In ya mutu maganin gwaji ya lalace, ni ne. In Malam Bishir ya manta bai sayo kananzir ba, nan ma ni ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Wata mata ta taɓa kawo fitsari a kwalbar lemo, a gwada mata ciki. Aka gwada aka ce babu. Ta ce ai ta sani, na tsohuwar gidansu ne, so take ta ga ko muna ƙarya kafin ta kawo nata. Tun daga ranar na gane rabin sana'ar nan sanin na wa aka kawo maka ne. Mutumin namu zai aiko da fitsarin ƙanenshi ko majinar ɗanshi, a ganinshi gida ɗaya ne, tukunya ɗaya, mi ya raba su. Babu malamin da ya koya maku wannan a aji.

Da maganar ƙanjamau ta fara yawo a gari, Malam Bishir ya sayo kayan gwajinta. Wata farar roba ce mai haƙora, sak mataji, kowane haƙori na mutum ɗaya. Ka tsoma a ruwan jini, ka ɗaga, ka tsoma a rami na gaba, haka har ka ida layin, idonka na kan agogo. Ɗigo na bisa in ya fito, maganin yana aiki kuma jini ya shiga. Na ƙasa, ciwon iri na ɗaya. Na tsakiya, iri na biyu, don ciwon ma gida biyu ne. Malam Bishir ya ce mani matajin ba ya ganin ƙwayar cutar ita kanta. In ɓarawo ya shiga jiki, jiki yakan tara 'yan banga da suka san fuskar wannan ɓarawon, su mataji ke kamawa. In ka iske 'yan banga tsaye a unguwa ka san an yi sata. Iyakar abin da na riƙe ke nan, kuma ya ishe ni aiki.

Wani direban babbar mota da kamfani ya ce ya kawo takardar lafiya ya aiko mana da jinin rago. Ɗigon bisa ya ƙi fitowa sam. Malam Bishir ya shinshina kwalbar ya ce da ɗan aiken, "Ka gaya ma maigidanka ya rage cin harawa." Labarin ya zaga gari, kowa ya ji mataji ya san jinin rago. Mu dariya muka yi. Ashe akwai masu ɗaukar darasi.

Sai shekarar da soja suka koma bariki. Mutanen da muka sani suna sayar da taki da buhun gero suka wayi gari Honarabul. Ɗaya daga cikinsu Alhaji Sada, kansila a wata majalisa da ba zan kama sunanta ba, kuma shi aka ba kula da lafiya, shi da ko maganin ciwon kai sai ya tambayi mai shago guda nawa ake sha. Ba a jima ba aka ce kansiloli za su wata ƙasar waje su koyo yadda ake kwashe shara. Sharar tana nan ƙofar ofishinsu, amma sai an hau jirgi za a gane ta. Ƙasar kuwa ta ce kowa ya zo da takardar gwajin jini.

A lokacin jinin manya ba ya zuwa da ƙafarshi. Babban mutum ba zai zauna bisa bencinmu kusa da mai gwangwanin madara ba. Mai kemis ɗin unguwa ke zuwa gida ya ɗiba, ya naɗe sirinji a hankici ya kawo. Na sha ce ma Malam Bishir wannan ba tsari ba ne. Sai ya ce, "Lawal, kai da wa za ka yi tsari? Ana maganar a ba mu gwajin masu sayar da abinci na ƙaramar hukuma gaba ɗaya." Wannan kwangilar yake kwana da ita yake tashi da ita.

Jinin Honarabul Sada, Iro mai kemis ya kawo shi da hantsi, babban yatsanshi ɗaure da bandeji. Na ce mi ya same ka, ya ce ƙofar mota. Jinin ɗan kaɗan ne, na yi mita, ya ce jijiyar manya ba ta son fitowa. Na juya inji, na tsoma mataji, na bi ramuka yadda na saba. Ɗigon bisa ya fito raɗau. Na ƙasa babu. Na tsakiya ya fito, bai yi baƙi sosai ba, amma ko mai hakiya zai gan shi. Na kira Malam Bishir. Ya amshi ragowar ya maimaita da hannunshi, da sabon haƙori. Ɗigon ya dawo inda yake. Malam Bishir ya zauna ya cire hula.

Ƙa'ida ita ce ba a rubuta irin wannan a aika. Sai an kira mutum an gaya mashi, an sake ɗiba an tabbatar. Honarabul ya zo bayan la'asar, ya bar mutanenshi a mota. Malam Bishir ya ja labule, ya yi gaisuwa har ta ƙare ya sake ta daga farko, ya kawo maganar ƙaddara, sannan ya faɗi. Na ga mutane da yawa bisa kujerar nan lokacin da aka gaya masu. Wani ya yi shiru, wani ya yi salati, wani ya nemi ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya yi dariya ba sai Honarabul.

"Malam Bishir," ya ce, "mai jinin ga da mangariba ake rufe shi."

"Rufe shi, ranka ya daɗe?"

"Ni nake nufi. Iyali ke rufe ƙofa. Ni ba mai yawo ba ne."

"Ai ba zargi ba ne, Honarabul. A ba mu hannu mu sake yanzu-yanzu, wataƙila ma ba komi."

Nan dariyar ta tsaya. Ya ja hannun riga ya rufe har yatsu. "Jinina ba ya fita sau biyu. Ku rubuta lafiya lau, ko ku san da wa kuke."

In ba Malam Bishir haƙƙinshi, bai rubuta ba. Ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya sa ciwon, amma biro bai taɓa takarda ba.

Ba a jima ba duba-gari suka zo. Suka ce kwatarmu ba ta kan ƙa'ida, kwatar da suke tsallakewa tun zamanin soja ba su taɓa ganinta ba. Da ƙyar suka bar ni na fito da matajin da injin, na kai firjin gidan Malam Bishir. Suka sa kwaɗo, suka shafa jan fenti a ƙofa. Honarabul kuma ya riga mu baki. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, a wurin zaman makoki, yana faɗin leb ɗin Ƙofar Sauri ƙarya suke ɗora ma bayin Allah, 'yan adawa sun saye su, ga shi har shi sun gwada ma. Mu ba mu da bakin magana, sirrin mai gwaji ne. Waɗanda muka taɓa gaya ma gaskiya suka fara biyo mu gida suna tambayar ko nasu ma ƙarya ce. Na ce su je babban asibiti a sake. Wasu suka je. Wasu suka gwammace maganar Honarabul, ta fi daɗin ji.

Malam Bishir ya fara kallona a kaikaice. Ya tambaye ni ko firji ya mutu ban faɗa ba. Ya tambaye ni ko na haɗa kwalbar da ta wani. Na tuna mashi da hannunshi ya maimaita. Ya ce, "Da ruwan da ka tace na maimaita." Daga ƙarshe ya ce in ba a gano inda ɓarnar take ba, ko an buɗe shagon ba zai iya riƙe ni ba. Ina da iyali, ba ni da takardar makaranta, kuma duk abin da na iya a duniya yana bayan kwaɗon nan.

Ina zaune bakin shagon da aka rufe, don ban san wani wurin zama ba, sai ga Iro. Ya rame, yatsan ya kumbura kamar dankali. Ya gaishe ni da kwana, da gajiya, da iyali, da haƙurin abin da ya faru, ya zauna nesa kaɗan.

"Malam Lawal, tambaya gare ni. Ta wani abokina ce."

"Shi ma ƙofar mota ta matse shi?"

"In misali abin da ke da ciwon nan ya ciji mutum, ya ake ciki?"

"Wane abu?"

"Abu dai. Mai haƙora."

"Iro, Honarabul ne ya cije ka?"

Ya rufe fuska da hannun mai lafiya. "Biri ne," ya ce.

Sai maganar ta zubo. Malamin tsibbun Honarabul ya gargaɗe shi tun kafin zaɓe kada gashinshi ko farcenshi, balle jininshi, ya faɗa hannun kowa, don 'yan adawa za su yi mashi aiki da shi. Ko aski ya yi, a leda yake tafiya gida da gashin. Da aka ce jini, Honarabul ya ce ma Iro ya nemo na wani. Iro ya zauna ya yi lissafi. Na mutum ba a san abin da ke ciki ba, zamani ya lalace. Na rago mataji ya sani. Sai ya tuna da biri, kusan mutum ne, ba ya shaye-shaye, ba ya zuwa otal. Ya samu Tanko mai biri, mutumin wani ƙauye bayan Batagarawa da ke wasa a kasuwa, ya ce mashi sabuwar gwamnati ta kawo ma birai rigakafi kyauta. Tanko ya riƙe, Iro ya soka, birin ya rama.

Kowa a garin nan ya san birin, Kofur sunanshi, mai baƙar fuska da toka-tokan gashi. Zamanin soja kaki yake sawa, yana fareti da sanda yana sara ma mutane. Da aka koma farar hula Tanko ya ɗinka mashi 'yar babbar riga da hula, kamar yadda wasu manya suka yi. Saran dai bai bari ba.

Malam Bishir da ya ji ya dafe kai, ya ce ya taɓa karanta abu kamar haka, amma a bari mu ji daga bakin masu dabba. Muka nemo Tanko muka ɗunguma asibitin dabbobi, wurin wata likita, Dokta Hajara. Tanko tun a hanya yake faɗa, har muka shiga bai ida ba.

"Ni za a ɓata ma dabba? In maganar ga ta fita wa zai bar ɗanshi ya tsaya kallo? Dokta, Kofur tun da ya zo hannuna bai taɓa kwana waje ba. Ko macen biri bai sake gani ba."

Dokta ta sa safar hannu ta duba haƙoran Kofur, ta taɓa cikinshi. "Da girmanshi ka saye shi ko yana jariri?"

"Da girmanshi. Hannun wani maharbi daga kudu."

"To Malam Tanko, ka san rayuwar da ya yi a daji kafin ya shiga soja?"

Tanko ya juya ya kalli Kofur. Kofur ya kau da kai yana sosa haƙarƙari.

Ta ce irin wannan birin da yawansu suna ɗauke da tasu ƙwayar tun kaka da kakanni, dangi ɗaya da ta mutane. Su ba ta kayar da su, da ita suke tsufa. Jikinsu ya tara mata 'yan banga, 'yan bangan nan kuwa in suka ga ɗan'uwan ɓarawonsu a jikin mataji sai su cafke, don kamar ta yi yawa, musamman a wurin iri na biyu. Wani lokaci su kama, wani lokaci su wuce, shi ya sa ɗigon bai yi baƙi sosai ba. Ɗigon bisa kuma ya fito ne don jinin biri ya yi kusa da namu yadda na rago bai yi ba. Ban ce na gane duka ba, amma na gane firjina bai mutu ba.

"Matajinku bai yi ƙarya ba," ta ce. "Abin da ke cikin kwalba aka tambaye shi. Ba wanda ya gaya mashi mai wutsiya ne."

"Dokta, ni fa?" in ji Iro.

Ta ce ba a san ta irin wannan birin tana zama jikin mutum ba, amma a gwada shi yanzu, a sake bayan 'yan watanni, don ya samu barci. Abin da ya fi damunta yatsan ne. "Mai kemis guda, biri ya cije ka ka ɗaure da bandeji kana shafa man zafi. Tashi ka tafi asibitin mutane a yi maka allurar cizon dabba, kafin ka fara sara ma jama'a kai ma."

Da safe muka je gidan Honarabul, lokacin da ƙofar ke cike da masu neman taki da masu neman aiki. Shawarar Tanko ce a je da Kofur. Ya shiga layi da birinshi kamar shi ma takin ya zo nema. Honarabul ya fito yana gyara hula. Kofur ya ga babbar riga, ya miƙe ya sara. Jama'a suka yi dariya, wani ya ce ko dabba ta san shugaba. Honarabul ya ga biri, ya ga Iro, ya ga yatsan Iro. Ya ce a shigo da mu falo, har birin.

"Mi kuke so?"

"Hannu, ranka ya daɗe," in ji Malam Bishir. "Da mabuɗi."

"Ni ba ciwon nake tsoro ba, Malam Bishir, na san kaina. Ragowar jinin ga, ina kuke kai shi?"

Na ce, "Bilic muke zuba mashi mu tura masai."

"Ba da kai nake ba." Sai kuma ya waiwayo. "Masan wa?"

Aka yi ciniki kamar na shanu. Za a ɗiba a falonshi, a gwada a gabanshi, a mayar mashi da ragowar jinin, da auduga, da allura, da haƙorin matajin. Na koma na ɗauko kaya, na ɗaure injin a bakin teburinshi. Ni na ɗiba, sau ɗaya, bai ma ji shigar allurar ba don ya juya kai yana karanta duk addu'ar da ya sani. Na juya inji, Kofur na kallona, Honarabul na kallon kwalba kada ɗigo ya tsere. Na bi ramuka. Ɗigon bisa kaɗai ya fito. Lafiya lau, tas.

Ya tattara kayanshi a leda, ya ƙulle, ya zura aljihu. Sannan ya gyara zama ya ce, "To kun gani. Ban ce maku kuskure kuka yi ba?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Gari duka ya ji na ce an yi kuskure. Yanzu ga shi lafiyata lau. Ko dai leb ya yi kuskure, ko ni na aika da jinin biri. Wanne kuke ganin ya dace jama'ar mazaɓata su ji?" Ya juya wurin Malam Bishir. "Za a buɗe maka shago. Maganar masu abinci ma tana nan. Amma ba zan kai ta inda mai kuskuren yake zaune ba. Mi zan ce ma ciyaman?"

Malam Bishir bai kalle ni ba, kafet ya kalla. Ina kwance injin daga teburi ya taya ni riƙe ƙusar, abin da bai taɓa yi ba. A hanya ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Lawal, har maganar ta lafa."

Aka cire kwaɗo. Honarabul ya hau jirgi ya dawo da agogo da hotuna, sharar tana nan inda ya bar ta. Iro ya warke, aka gwada shi aka sake, ba komi, ya koma kemis yana ba mutane shawara. Malam Bishir ya samu masu abincinshi, ya sayi firjin lantarki, ya ɗauki wani mai takarda a gurbina. Maganar ba ta lafa ba, ko ta lafa ba a gaya mani ba. Na taɓa ba da labarin a teburin mai shayi, ban kama suna ba, na dai ce jinin biri aka kawo. Suka kalli juna, ɗaya ya ce rashin aiki ba abin da ba ya sawa, ya biya mani shayin. Na koma ɗaukar buhu a kasuwar hatsi da hannun da ke samo jijiyar jariri, kafin wannan asibitin kuɗin da kuka iske ni a ciki ya ɗauke ni. Har yau akwai tsofaffi a Ƙofar Sauri da in sun gan ni sukan nuna ma 'ya'yansu, wancan ne ya kusa kashe Honarabul da kuskure.

Shi ya sa in na ƙwace kwalba a hannunku na ce wa ya ɗiba, a gaban wa, kuke cewa tsohon nan ya cika jaraba. Kwanan nan ɗayanku, ya san kanshi, ya amshi sirinji ta taga daga direban wani Alhaji, har da cewa a gaishe da maigida. Na zuba mashi bilic na tura masai. An kai ƙarata ofis, an ce in ba da haƙuri. Alhaji ya zo da hannunshi, in ya zo zan ba shi.

Kofur ya daɗe. Ya tsufa da ƙwayarshi yadda Dokta ta faɗa, har haɓarshi ta yi fari. Lokacin ina kasuwar hatsi, duk ranar da Tanko ya biyo ta nan sai ya ja igiya ya ce, "Kofur, ga likitanka." Sai ya miƙe cikin 'yar babbar rigarshi ya sara mani, ni kuma ina ƙarƙashin buhun gero ba halin in rama. A cikin duk waɗanda na gwada ma jini a garin nan, masu kujera da marasa ita, shi ne bai taɓa musun sakamakonshi ba.